Gonar Tarsem da Ruwan Maƙwabci

Mijin yayata, Tarsem Singh, ya fi shekara talatin yana gyaran injin ban ruwa, kuma a duk tsawon shekarun nan ban taɓa ganin hannunsa ya wanku tas ba. Ranar da ya zo ɗaukar yaya Jasmail ma da baƙin mai a ƙarƙashin farcensa ya zo. Innarmu ta duba hannun ta ce wannan ba zai bar mata 'ya da yunwa ba. Ni Jija nake ce masa, kamar yadda kowa ke kiran mijin yayarsa, kuma aikina ne tun ranar in riƙa tsokanarsa. Ban taɓa fashi ba.

Da na bar aikin kwandastan bas, sai na zo garinsu na buɗe teburin shayi a mahaɗar hanya. A wurinmu abin gori ne namiji ya tare a garin mijin yayarsa, kuma Tarsem bai taɓa barina na manta ba. Duk safiya zai faka babur, ya sha shayi kofi biyu, ya cinye min biskit, ya ce kuɗin hayar gari ne.

Lokacin da ya fara koyon aiki, ruwa a taku talatin yake. Mutum zai tona ya same shi kafin rawaninsa ya jiƙe da gumi. Daga nan ya koma sittin, ya koma ɗari, ya wuce. Duk shekarar da ruwan ya ƙara nisa sai a aika wa Tarsem, ya zo da sarƙa da ƙafafun ƙarfe uku, ya zaro injin daga rijiyar burtsatse, ya ƙara bututu mai taku goma, ya mayar. Da haka ya bar keke ya hau babur, da haka ya ɗora ɗaki a saman gidansa. Nakan ce masa, "Jija, ruwa na sauka, kai kana hawa." Ba ya son maganar, shi ya sa nake yawan yin ta.

Amma abin da ya fitar da sunansa har ƙauyukan da ke kewaye shi ne oto. Gwamnati na ba manoma wutar lantarki kyauta awa takwas a lokacin shinkafa, kuma tana sayen shinkafar a farashin da ta yanka tun kafin a shuka. To wa zai noma gero ko wake? Matsalar dai wutar ba ta da alƙawari, yau da hantsi, gobe da la'asar, sai mutum ya yi zaman daɓaro a gona yana jiranta. Tarsem ne ya fara liƙa wa mutane wani ɗan akwati, wanda da wuta ta zo inji zai tashi da kansa. Tashin kawai ya iya. Kashewa sai an je, kuma ba mai zuwa, tunda ba wanda zai kawo masa takardar biya. Ruwa ya cika gona, ya tsallake kunya, ya kwanta a kan hanya, ɓaunayen da ake kiwo a gari su zo su kwanta a ciki suna tuƙa. Babu rijiyar da ba ta da oto a garin nan, kuma kowanne da hannun Jija aka ɗaura shi.

Shi kansa eka uku ce da shi, gadon ubansa, a tsakiyar gonakin Zora Singh. Zora eka talatin gare shi, tarakta biyu, murya kamar lasifikar gurdwara, wato wurin ibadarmu, da zuciya mai kyau wadda ba ta tsayawa ta yi tambaya. Tare suka yi makaranta, tare aka kore su.

Shekara uku da suka wuce, rijiyar Tarsem ta fara tari. Za ta ba da ruwa, ta shaƙe, ta tofar da iska da 'yar yashi, sannan ta ci gaba. Babu wanda ya fi shi sanin ma'anar wannan tari. Bututunsa ya riga ya kai ƙarshen ramin, babu sauran wurin ƙari, sabuwar rijiya mai zurfi kuwa ta fi ƙarfin mai eka uku ko da zai sayar da ɗakin sama. Gonar da ba rijiya a ƙasar nan hanya ɗaya gare ta: a ba mai rijiya haya. Kuma duk ƙauyen an san gonar da ta shiga haya ba ta cika dawowa ba.

Ana cikin haka sai ga malamar gona, wata yarinya mai suna Ravneet, ta zo a kan ɗan baburinta, ta naɗe fuska da mayafi saboda zafin bazara. Aka yi shela, maza suka taru a inuwar bishiyar da ke gaban gurdwara. Ta ce gwamnati ta fito da sabon tsari. Duk wanda ya bar kwaɓa gona da dashe a cikin ruwa, ya shuka shinkafarsa kai tsaye kamar alkama, za a biya shi wani abu a kan kowace eka. A jiƙa ƙasa sau ɗaya, a shuka tana da danshi, a danne, sannan a bar ta kwana ashirin da ɗaya ba ɗigon ruwa, don saiwa ta bi danshi ta yi ƙasa, ciyawa kuma ta rasa abin tsirowa.

Aka fashe da dariya.

"'Yata," in ji Zora, "shinkafa ba ruwa? Kifi fa, shi ma a kan rufin ɗaki za mu riƙa kiwonsa?"

"Kawu, wutarku ta kyauta tana nan, ba wanda zai taɓa ta."

"Haka ake farawa. Yau ku rage ruwa, gobe a kawo mita, jibi takarda."

Tarsem yana can baya a tsugune, yana wasa da sifana. Ya ce, "Ni tambaya ɗaya gare ni, malama. Shekara da shekaru gwamnati na biyan mu da hannun dama mu zuƙe ruwan. Yanzu ta miƙo na hagu tana biyan mu mu bar shi. Hannun daman nan kuwa ya fi kauri nesa ba kusa ba. Wanne za mu kama?"

Yarinyar ba ta yi masa ƙarya ba, wannan na yaba mata. Ta ce, "Kawu, ni na hagun aka aiko ni da shi. In mutane suka kama shi da yawa, ƙila ya yi ƙiba."

Mutum ɗaya ne ya rubuta suna a ranar, bayan kowa ya watse: Tarsem. Da na tare shi a teburin shayi na ce masa yaushe ya zama ɗan gaban goshin gwamnati, sai ya ce, "Kai Hakam, zuba shayi ka rufe baki. Watan Yuni ne kowa ke ja, lokacin ne ruwa ke gudu ƙasa. In rijiyata ta huta a watan nan har damina ta sauka, za ta ƙara min shekara uku. In na kwaɓa gona da ita bana, a bana zan binne ta." Lissafinsa ke nan, kuma ban ga inda ya karkace ba.

Ya kwance oto daga rijiyarsa da hannunsa, ya ba yaya Jasmail ta saka a akwatin kayan aurenta. Ya ɗauko hayar injin shuka daga wani gari, ya shuka, ya kulle ɗakin inji, ya koma gyaran na mutane.

Daga nan garin ya samu abin kallo. Ko'ina ka duba gonaki ne cike da ruwa suna walƙiya, 'yan dashe sun duƙa a jere, balbelu na bin su, a tsakiya kuma ga eka ukun Tarsem, busassu, da wasu 'yan siraran tsirrai kamar gashin bakin saurayi. Ya gaya wa kowa abin da yake yi. Ya maimaita har ya gaji. Ba wanda ya yarda. A wurinmu mutum yakan ɓoye ciwonsa, yakan ɓoye rigimar gidansa, amma abin da ya fi ɓoyewa shi ne rijiyarsa ta ƙafe. Balle mai gyaran rijiyoyi. Don haka duk sanda ya ce "sabon tsari ne", abin da kunnuwa ke ji shi ne: rijiyar ta mutu, kunya ce ta hana shi faɗa.

A teburina ake yanka maganar.

"Ruwa ba ya tsami banza. Na ji tana tari tun bara."

"Ayya, Tarsem. Ga gyara a hannu, ga ƙishirwa a gona."

"Jiya na gan shi a gonar ya tura yatsa cikin ƙasa, ya zaro yana dubawa. Kamar dai kan ya fara taɓuwa."

Ni ma, in faɗi gaskiya, a kwana na takwas na fara shakka. Yaya Jasmail kuwa ba ta ko girgiza ba. Ta karɓi makullin ɗakin inji ta ɗaure a bakin mayafinta, ta ce masa, "Na san ka. Kwana goma sha biyar za ka kai, wani ya yi maka dariya, ka je ka kunna. Makullin nan sai ka sake ni za ka gan shi." Ta kuma riƙa jan layi da gawayi a bangon kicin kowace safiya, bayan ta gama kaɗa nono.

Layi na goma sha ɗaya ta ja ranar da muka tafi bikin 'yar ƙanwarmu wajen garin Bathinda. Kwana biyu za mu yi. Tarsem ya so ya noƙe, yaya ta ce gonar da ba a ba ta ruwa me zai tsare a cikinta.

Abin da ya faru a bayanmu daga bakin Zora na ji shi, sau fiye da goma. Ya ce yana wucewa a kan tarakta ya dubi gonar, sai zuciyarsa ta karye. Ya tuna uban Tarsem, wanda ya taɓa ba uban Zora ruwa wata guda cur shekarar da injinsa ya ƙone, bai karɓi ko kofin shayi ba. A wurinmu ba a jira maƙwabci ya roƙi ruwa. In ka bari ya buɗe baki, ka riga ka ci masa mutunci. Ana bayarwa ne ba ya nan, kuma in ya dawo ba a tayar da zancen. Zora ya ga babu lokacin da ya fi wannan dacewa. Ya ɗauki fartanya da kansa, bai ko aiki lebura ba don kada magana ta fita, ya fasa kunyar da ke tsakaninsu, ya juya magudanar babbar rijiyarsa ta nufi gonar abokinsa.

Niyyarsa awa biyu. Awa ɗaya ba ta cika ba aka ɗauke wuta. Ya ce bari ya je gida ya ci abinci ya dawo ya toshe, a gida kuma ya tarar da baƙi. Wuta ta dawo, oto ya yi aikin da Tarsem ya koya masa. Washegari ma wuta ta zo, oto bai yi ƙiwa ba. Tsuntsun da ya ja ruwa, shi ruwa kan doka.

Da la'asar muka sauka daga bas, da ƙunshin alewar biki a hannu. Tarsem ya ce mu bi ta gona. Tun daga nesa muka hango balbelu. Eka uku sun zama tafki, ruwa ya kai tsakiyar ƙwauri, ya sha rana kwana biyu ya yi zafi kamar na wanka, 'yan tsirran sun nutse ba ko kai. Zora na tsaye a kan kunya da fartanya, yana ta faman toshewa, da ya gan mu kuma sai ya juya baya yana kallon sama, wai shi bai san komai ba. Har da ɗan murmushi a cikin gemu.

Tarsem ya juya wajen Zora. Sannan ya ce a hankali, "Zora, wa ya aike ka?"

"Aike ni me? Ni ban ga komai ba. Ƙila ɓera ne ya huda kunya."

"Ɓera mai fartanya."

"Haba Tarsem, tsakanina da kai? Ko ba ka faɗa ba ai muna da ido. Ka bar maganar, kada ma ka gode."

"In gode." Ya juyo ya dube ni. "Hakam, ka ji, wai kada in gode."

Yaya Jasmail ce ta buɗe wa Zora wuta. Ta yi masa bayani tun daga kwana na ɗaya har na ashirin da ɗaya, da muryar da aka ji ta a gonaki huɗu. Na ga murmushin yana zamewa daga fuskarsa kaɗan-kaɗan. Ƙaton mutum, ya tsaya riƙe da fartanya kamar an kama shi da kazar maƙwabta. Abin da ya iya cewa kawai shi ne, "Waheguru, ya Ubangiji. Ashe da gaske kake yi." Na so in yi dariya, kuma na yi, amma a bayan mayafin rawanina, don tausayin su biyun ya fi dariyar yawa.

Kwana biyu bayan haka Ravneet ta zo duba gonar da za ta rubuta don a biya Tarsem kuɗin sabon tsari. Ta tarar da taɓo da ruɓaɓɓen tsiro, ciyawa kuma ta fara leƙowa. Ta saurari labarin, ta rufe baki da mayafi na ɗan lokaci, sannan ta ce ba ta da ikon rubuta abin da idonta bai gani ba. Tarsem bai yi mata gardama ba, har lassi, kindirmon da aka kaɗa, ya sa aka kawo mata.

Saura hanya ɗaya, a kwaɓa a yi dashe irin na kowa. Zora ya zo har gida, ya ce iri nasa ne, tarakta tasa ce, ruwa kuma nasa ne har girbi. A nan Jija ya yi nasa kuskuren, kuma na faɗa masa a gaban idonsa. Ya ce ya sha ruwan Zora ya ƙoshi. Ya karɓi makulli daga hannun yaya, ya kunna tsohuwar rijiyarsa a tsakiyar watan da ya ce in ta yi aiki za ta mutu. Kwana tara ta yi tana tari. Na goma ta zuƙo yashi ta yi shiru. Ya zaro injin da kansa, ya leƙa ramin, ya ɗora masa faifan ƙarfe. Da ruwan Zora dai aka ƙarasa shinkafar, haka ma alkamar da ta biyo baya.

Sau da yawa ana tambayata a tebur ko da rijiyar za ta rayu in da Zora bai yi abin da ya yi ba. Ban sani ba. Ruwan da ke ƙarƙashinmu tulu ɗaya ne, mutum ɗaya ya janye bakinsa, ɗari biyu na zuƙa. Abin da na sani shi ne Tarsem bai samu ya gwada ba, kuma wannan ne ke cinsa.

Bayan girbin alkama ya ba Zora gonar haya. Zora ya ƙara masa a kan abin da ake bayarwa a gari, Tarsem ya ce a'a, farashin kowa zai karɓa, amma da sharaɗi ɗaya: eka ukun nan ba za a kwaɓa su ba, a busasshiyar ƙasa za a shuka, kwana ashirin da ɗaya. Zora ya dafa gemu ya yarda. Ina jin ko cewa aka yi ya shuka da cokali zai yarda.

Jija ya ci gaba da gyara, sai dai ya fito da wata sabuwar mantuwa. In aka kira shi inji ya lalace, zai gyara tsaf, ya tafi, sai mai gona ya tarar ba a mayar da oto ba. In aka yi masa magana ya ce tsufa ne, zai dawo. Ba ya dawowa. Wasu sun bar shi sun koma wa wani mai gyara a gari na gaba, wasu kuwa sun gaji sun koyi zuwa su kunna su kashe da hannunsu. Aikinsa ya ragu, shayinsa a teburina ya koma kofi ɗaya, ko da yake har yau ba ya biya.

A watan Yunin da ya biyo, Zora ya cika alƙawari. Aka shuka eka ukun a bushe, garin ya sake samun abin dariya, sai dai wannan karon dariyar ba ta da ƙarfi, don mai eka talatin ba a cewa rijiyarsa ta ƙafe. Mutum biyu ma sun je sun ga Ravneet a ɓoye. Kwana na goma sha huɗu, da tsakar rana, sai ga Zora a teburina, gumi ya jiƙa masa riga, ya tarar da Tarsem na tsoma biskit.

"Tashi mu je. Gonar nan mutuwa take yi. Ganyen ya naɗe kamar allura. Awa ɗaya kawai zan ba ta, a jiƙa mata maƙogwaro."

"Taɓa fartanyar nan ka gani."

"To zo ka duba da idonka mana, ni ban iya wannan azabar ba. Ko barcin rana na kasa."

Na rufe tebur na bi su, don irin wannan ba a ba ni labari. Zora na gaba yana ta surutu, ya tsallake kunya ya faɗa cikin gonar yana nuna nan yana nuna can. Sai da ya yi nisa ya lura shi kaɗai ke magana. Ya waiwayo.

Tarsem na tsaye a kan kunyar, bai sauka ba. Gonar da ya koyi tafiya a cikinta, wadda ya san kowane tudu da kwarinta, ya tsaya a bakinta ya haɗa hannuwa a baya.

"Me kake jira kuma?" in ji Zora.

"Gonar mutane ce," in ji Tarsem. "In shigo?"

Ni kuwa da na zo kallon dariya, sai na juya ina gyara rawanin da bai kwance ba. A ƙarshe Zora ya ɗaga masa kai. Tarsem ya cire takalmansa ya ajiye a kan kunya, ya sauka, ya tsuguna, ya tura yatsa cikin ƙasa har ƙarshe. Ya zaro, da danshi a kansa.

"Lafiyarta ƙalau," ya ce. "Saura kwana bakwai." Ya goge yatsan a rigarsa, ya hau kunya ya saka takalma, muka kama hanyar gari.